Sarƙar Injin da Na Ƙi Canzawa

Motar nan a hannun wani Bature na saye ta, wanda ya gama aikinsa a garinmu Dutsin-Ma zai koma ƙasarsu, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ko a lokacin ta kwana biyu a duniya, don ta ba shekara goma baya. Ja ce wur, ƙofa biyu, inji silinda shida, tana shan mai kamar ƙasar rani. Amma gudu kam Allah ya ba ta. Ni kuma lokacin ina malamin gona, jini na tafasa, ga zafin kai, ga son a ce ni ne. In na taso daga Kurfi na taka totur, masu shayin bakin tasha tun ban ɓullo ba suke cewa ga jar motar nan ta taho. Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Na yi shekara huɗu ina morarta kafin shekarar da Baba ya biya kujerar Makka. Mahaifina ke nan, malamin allo ne, a zauren gidanmu yake karantarwa tun kafin a haife ni. Ya haura saba'in, ƙirji ya fara damunsa, in ya tashi daga buzu sai ya dafa bango. Sau biyu yana niyyar aikin Hajji abin yana warwarewa, sau ɗaya fari ya cinye amfanin gonarsa ta Makera, sau ɗaya kuma rasuwar innarmu. A wannan shekarar ya sayar da shanun nomansa ya cika kuɗin. Da bakinsa ya ce mini: "In ban je bana ba, ban ga alamar jikin nan zai kai ni baɗi ba." Bai faɗa da tsoro ba, faɗa kawai ya yi, ya ci gaba da duba littafinsa.

Da damina tafiyar ta faɗo. Saura kamar mako uku a fara jigilar maniyyata sai motar ta tsiro da wata ƙara. Da safe in na tayar da ita sai in ji kwarrr daga gaban inji, kamar ana jan sarƙar rijiya a bakin ƙarfe, in ta ɗan yi zafi sai ta yi shiru. Na share. Da lokacin juyen baƙin mai ya yi na kai ta garejin Oga.

Oga shi ne bakaniken da ke duba motar tun tana hannun Bature. Kirista ne, mutumin kudancin Zariya, ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Garejinsa a ƙarƙashin wasu itatuwan bedi yake, bayan tasha. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya ragi. Wannan rashin ragin nasa shi ya sa da yawa ba sa zuwa wurinsa sai ta ɓaci.

Na tsaya ke nan, ban ma kashe ba, ya ɗaga mini hannu. Ya buɗe bonet, ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji ta gaba, ya kafa ƙotar a kunnensa ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Ya ce in ba ta wuta kaɗan, in saki. Na yi. Da ya ɗago sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Yallaɓai, tun yaushe take wannan kukan?"

"Wane kuka? Sanyin damina ne kawai. Juye na zo."

"Ba sanyi ba ne. Sarƙar inji ce ta saki. Ita ke haɗa sama da ƙasa, ita ke sa bawul ya buɗe ya rufe a kan lokaci. Ta miƙe, abin da ke ɗaure ta kuma ya cinye. Yanzu tana nan tana kaɗawa. Ranar da ta tsallake haƙori kana cikin gudu, fistan zai tashi ya ishe bawul a buɗe. Daga nan inji ya tashi aiki."

Na ce nawa ne. Ya yi lissafi da yatsa a kan bonet. Ya ce kayan ba a samunsu a Katsina, sai ya je Kano da kansa, in ba a dace ba sai an aika kudu, don irin motar ba ta da yawa, ga shi shekarar kayan gyara sun yi wuya. Sarƙa, da abin ɗaure ta, da haƙoran biyu, da gasket, da kuɗin hannu, naira ɗari huɗu da hamsin. Kwana biyar mota na kwance.

Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Kusan albashina na wata biyu ke nan.

"Oga, motar da na shigo da ita da ƙafarta? Ba ta tsaya ba, ba ta yi hayaƙi ba, ba ta ƙi tashi ba, ka ce in ba ka ɗari huɗu da hamsin ka farke mata ciki?"

"Yanzu ne take da araha, Yallaɓai. In ta tsinke, uku na wannan ba zai tashe ta ba."

Na ce ya yi juyensa kawai. Ya yi, na biya, na fita ina huci.

A nan sai na faɗi yadda muke, don wanda bai zauna da mu ba zai ce wauta ce zalla. Mu a wurinmu ba a kai mota gareji da ƙafarta a ce a buɗe inji. Gareji wurin motar da aka jawo da igiya ne. Mutum ya kashe kuɗi a kan abin da bai lalace ba, sai a ce ko dai kuɗi sun yi masa yawa, ko bakanike ya raina masa wayo. Sannan ga wani abu da ya fi wannan: ba ma son a ambaci ɓarna kafin ta zo. Wanda ya dube ka ya ce abinka zai lalace, a kunnenmu kamar kira yake yi mata. Da wannan kunnen na saurari Oga.

Kuɗin kuwa ina da su. Na tara kusan daidai haka, amma na riga na raba su a zuciyata. Rabi zan damƙa wa Baba a hannu ranar tafiya, ya ƙara a guzuri, ya sayo wa jikoki tsaraba ba tare da ya ƙirga ba. Rabi kuma na walimar dawowa ne, rago biyu da buhun shinkafa. Ni ne babban ɗa, ni ne mai aikin gwamnati, ni ne mai jar mota. Ina so a ga abin da na yi wa ubana. Kwana uku ina auna abin nan. In na ɗora sarƙar da ban taɓa gani da idona ba a gefe ɗaya, na ɗora fuskar Baba yana karɓar kuɗi a ɗaya gefen, kullum sarƙar ce ke yin sama.

Don in samu abokin shaida sai na kai ta wurin wani bakanike a cikin tasha, ɗan gari, wanda muka yi wasan ƙasa tare. Ko sukundireba bai ɗauka ba. Ya saurara yana cin goro, ya yi dariya.

"Haba Malam, wannan ce za a buɗe wa inji? Ai tsufa ne. Kai ma in ka tashi da asuba gwiwarka ba ta ƙara? Baƙin mai mai kauri za mu zuba mata, ta yi luf. Shi Oga ai ka san shi, in bai ga inji a warwatse a kan buhu ba abinci ba ya shiga cikinsa."

Naira ashirin da biyar. Ya zubar da man da Oga ya sa, ya ɗura nasa mai kauri kamar zuma. Washegari da safe na tayar, ƙarar ta ragu ƙwarai. Na ce ashe. Har na bi ta gaban garejin Oga da gangan, na tsaya na ba ta wuta don ya ji.

Ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya saurara, ya sunkuya ya zaro ma'aunin mai, ya murza tsakanin yatsunsa.

"An toshe mata baki ne, Yallaɓai, ciwon yana nan. To tunda ka ƙi, ga shawara. Kada ka wuce sittin. Kada ka taka ta da ƙarfi ka saki da ƙarfi. Kuma kada ka ce da ita za ka kai tsoho Kano. Ka sa shi a motar maniyyata."

Wannan ta ƙarshen ita ta tunzura ni. Na ce masa mugun fata yake yi wa tafiyar ubana, na ce baƙin ciki yake don kuɗin sun wuce shi. Na faɗi wasu maganganun ma da suka fi wannan muni, a gaban mutane, har da abin da ya shafi addininsa, wanda har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Bai rama ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Daga ranar ban ƙara jin daɗin tuƙi ba. Ƙarar ta daina fitowa da safe, amma in ina tafiya na ɗage ƙafa daga totur sai in ji wata 'yar ƙara can ƙasa, kamar ɓera a cikin rumbu. In na je duba gonaki wajen Kuki ko Shema, hadari ya haɗo ta gabas, gero ya rufe hanya hagu da dama, ba kowa sai ni, sai in ji ta sarai. Sai in ƙara muryar rediyo.

Baba kuwa ya shiga neman gafara, yadda maniyyaci ke yi. Gida gida ya bi, har waɗanda ya taɓa tsawata wa shekara talatin baya. Saura mutum ɗaya, Gwaggo, yayarsa da ke aure a Kurfi. Sun yi shekara tara ba sa ga maciji, tun rabon gidan mahaifinsu. Ya sa ranar Laraba zai je, sai aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba inda aka fita. Alhamis da safe kuma motar maniyyatan garinmu za ta tashi zuwa Kano.

Ya ce to shi ke nan, zai aika mata da saƙo, ya bi mota. Na ga abin ya tsaya masa a rai. Ni kuma na ga dama ta samu.

"Baba, bar motar nan ta tafi. Kowa ya san sai an yi kwana uku huɗu a sansani ana cizon sauro kafin a kira jirgi. Jami'in alhazai ma ya ce ba za a tashi ba sai Lahadi. Yau in kai ka Kurfi ku gana, mu kwana, gobe Juma'a in sauke ka a Kano. Awa biyu da rabi ne a motata."

Ya dube ni. "Motar lafiya take?"

"Lafiya lau take, Baba."

Haka na ce. Ban yi ko ɗar ba a fuska.

Muka tafi Kurfi a hankali, ban wuce hamsin ba, har Baba yana tsokanata wai yau dokin nawa ya ga malami ya natsu. Gwaggo ta tsufa, ido ya kusa tafiya. Da ta ji sallamarsa sai ta saki carbinta. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tsoho mai furfura, ya ce, "Yaya, na zo ki yafe mini." Ta yi ta kuka tana cewa ta yafe duniya da lahira, shi ma ya yafe mata, ya kuma yi mata addu'a in ya ga Ka'aba. Ban taɓa ganin Baba da sauƙin rai irin na yinin nan ba. Na ce a raina, ai ga shi na yi daidai.

Juma'a da hantsi muna shan koko a tsakar gida, rediyon maƙwabta na yi, sai aka sanar cewa duk maniyyacin da ya rage ya hallara filin jirgin Kano kafin azahar. An matso da tashi. Jirgin yau shi ne na ƙarshe, don can ƙasa mai tsarki za a rufe karɓar baƙi. Aka maimaita har sau biyu.

Na duba agogo, tara ta wuce. In na bi kwalta ta Dutsin-Ma a kan sittin ɗin da Oga ya ce, wataƙila mu isa a ƙurarren lokaci, wataƙila mu makara da kaɗan. Akwai kuma wata hanyar burji da ke ratsa daji ta ɓulla babban titin Kano, ta fi kusa. Na zaɓi ta dajin. Na sa akwatin Baba a but, muka yi sallama a tsaitsaye.

Da farko na riƙe kaina. Amma ruwan Laraba ya ɓata hanyar, wuri wuri sai na rage na lallaɓa, lokaci na tafiya. Duk inda na samu miƙaƙƙe sai in rama. Saba'in, tamanin, har na ga allura ta haura ɗari. In taka da ƙarfi, in ga rami in saki da ƙarfi, daidai abin da aka ce kada in yi. Ƙarar ta dawo, ba irin ta safe ba, wannan ba ta ɗaukewa. Sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas, iska ta tsaya cak. Baba yana jan carbi, sau ɗaya kawai ya juyo ya dubi gaban motar, ya dube ni.

A wani gangare na sauko da giya don in haura tudu. Sai na ji ƙas, sannan wani irin ƙara kamar an zuba tsakuwa a cikin tukunyar ƙarfe. Motar ta yi tsalle sau biyu ta mutu. Ta gangara da kanta ta tsaya a gindin wata tsamiya. Na murza makulli, inji ya juya fayau ba nauyi, ba alamar kamawa. Na sake, na sake. Na fita na buɗe bonet ina kallo, alhali ban san abin da nake nema ba.

Ba gida ba rumfa a wurin. Ranar Juma'a ce, ba kasuwa ko ɗaya a yankin, motocin haya ba sa bi. Na shimfiɗa wa Baba darduma a gindin tsamiya. Wani mai jaki ya wuce, ya ce titi yana da nisa, tafiyar awa biyu ce a ƙafa. Baba ba zai iya ba, ni kuma na kasa barinsa shi kaɗai ga hadari a ka. Na yi ta kai da komo a tsakiyar hanya ina kasa kunne.

Can Baba ya kira ni. Na zo na tsuguna.

"Dama ka san da ciwonta?"

Na so in yi ƙarya ta biyu, bakina ya ƙi. Na ce, "Na sani, Baba. An gaya mini."

"Nawa aka ce?"

Na faɗa masa. Ya ce ko ba ni da su ne. Na ce ina da su, na ajiye ne don guzurinsa da walima. Ya daɗe yana kallon gonar da ke gabanmu. Da ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce in duba ko akwai ruwa a buta, azahar ta yi.

Ruwan sama ya sauko muna cikin sallah. Muka koma cikin motar muka zauna, tagogi a rufe. Sai bayan la'asar wata akori-kura mai ɗauke da itace ta ɓullo. Direban ya ji labari ya sa Baba a gaba, ni na hau kan itacen da akwati. A babban titi muka samu wata motar. Muka isa filin jirgi rana na faɗuwa. Wurin da aka ce mutane ba masaka tsinke jiya, sai tabarmi da ledoji da masu shara. Wani jami'i yana kulle ofis. Na yi masa magiya, na ɗaga murya, har na kama rigarsa. Baba ya janye hannuna ya tambaye shi a natse ko akwai wani jirgin.

"Babu, Baba. Sai dai baɗi, in Allah ya kai mu."

Baba ya ce, "Allah ya kai mu," ya zauna a kan akwatinsa ya huta kafin mu juya.

Oga ne ya je ya jawo motar bayan kwana biyu. Ban aika masa ba, labari ya ji. Da ya buɗe inji ya kira ni na gani: bawul huɗu sun lanƙwashe, fistan ɗaya ya fashe, sarƙar kwance a ƙasa kamar igiyar da aka yar. Bai ce ai na gaya maka ba. Na ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa masa, ya ce ya wuce, ya tambayi jikin tsoho. Ban gyara ta ba. A nan ƙarƙashin bedi ta zauna har na sayar wa masu kayan gyara.

Da alhazan garinmu suka dawo, Baba ya bi su gida gida yana yi musu barka, yana karɓar dabino da zamzam da hannu biyu. Ni na kasa raka shi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. An ce kujerarsa tana nan, zai tafi baɗi. Amma tun ruwan da ya dake mu a hanya tari ya kama shi, ƙirjin ya ƙi daɗi, da kaka ya daina fita zaure. Ya rasu da bazara, saura wata huɗu a fara jigila.

Da safiyar da za a yi masa sutura liman ya tambaya ko an tanadi likkafani. Na ce bari in aika kasuwa. Gwaggo, wadda aka ɗauko daga Kurfi, ta ce daga cikin ɗaki kada a aika, ya bar mata wasiyya, a duba akwatin tafiyarsa. Na shiga ɗakinsa na jawo shi daga ƙarƙashin gado. Yana nan ɗaure da igiyar da na ɗaure shi da ita, ba a taɓa kwancewa ba. Na kasa warware ƙullin, sai da na sa wuƙa. A sama sama haraminsa yake, farare biyu, da ninkinsu na kanti. Ni na ɗauko su na miƙa wa masu wanka.